Gashin Baba a Haƙoran Shaf

Shekarar da jar motar nan ta shigo rayuwarmu, yayana da ƙanina sun daɗe ba sa gaisawa. Ni ce a tsakiyarsu a haihuwa, ni ce kuma a tsakiyarsu a komai. In Yaya yana son Auta ya san za a yi wa marigayi Baba sadaka, ni zai gaya wa. In Auta ya sayo wa Mma, mahaifiyarmu, maganin ƙafa, ni zai ba in kai mata, don kada ya shiga gida ya tarar da Yaya a zaure. Uwa ɗaya uba ɗaya, masallacin Juma'a ɗaya, amma kowa sai ya duba inda ɗan'uwansa ya ajiye takalmi sannan ya zaɓi wata ƙofar.

Baba aikin ƙarfe ya yi har ya koma ga Allah. Shagonsa na bayan gidanmu a unguwar Tishigu, rumfar kwano ce mai zafi, da injuna biyu a ciki. Ɗaya dogo ne a kwance, yana juya ƙarfe ana fere shi har ya kai kaurin da ake so. Ɗayan a tsaye yake, shi ke yanka haƙora a jikin ƙarfe. Da aka raba gado, na juyi ya faɗa wa Yaya, na haƙori ya faɗa wa Auta, kowa kuma ya ɗauka a baki kawai rabon zai tsaya. Sai wata rana Yaya ya ce wa Auta, a gaban mai kawo aiki, ya matsa ya ba shi wuri, hannunsa bai nuna ba tukuna. Auta a lokacin yana da mata da 'ya'ya biyu. Ya kawo mota, ya kwance injinsa, ya kai unguwar Kalpohin ya kama shago kusa da masu wankin mota. Iyakar abin da na sani ke nan. In akwai wani abu a ƙarƙashinsa, har yau ba wanda ya gaya mini.

Inda injin ya tashi, sai ya bar ramuka huɗu masu bakin ƙarfe a siminti, waɗanda ake ɗaure ƙafafunsa a ciki. Yaya ya cusa musu tsumma ya bar su haka. Na taɓa yin tuntuɓe da ɗaya ina ɗauke da kwanon tuwo, na ce ya zuba siminti ya huta, ya ce in riƙa duba gabana in ina tafiya.

Ni robobi nake sayarwa a kasuwa, bokiti da kula da baho. A nan matar Auta ta same ni wata rana, ta yi ta juya murfin kula a hannu ba ta saya ba, can ta ce mijinta zai koma Kumasi bayan Babbar Sallah, har wani abokinsa ya samo masa wuri. Ban ga laifinsa ba. Duk mai son a yanka masa haƙori yana son a fere masa ƙarfen tukuna, mutane kuwa sun gaji da zirga-zirga tsakanin 'yan'uwa biyu masu ɗaure fuska, gara su sa kayansu a mota su aika kudu. Na san in injin nan ya kama hanyar Kumasi, ba za su sake tsayawa wuri ɗaya ba sai ranar da za a sallaci Mma. Na ji tsoro ƙwarai, kuma ban gaya wa Mma ba.

Ana cikin haka jar motar ta zo. Ina shagon Yaya na kawo masa abinci, sai muka ji ƙara daga bakin titi, yara suka ruga. Mota ce 'yar Japan mai ƙofa biyu, cikinta kusan yana shafar ƙasa. Kafin ta haye ɗan tudun da ke bakin lungunmu sai da direban ya karkata ta, ya hau da ƙafa ɗai-ɗai, wata mai tallan ƙosai ta wuce shi a ƙafa. Mai ita saurayi ne Badagombe da ya dawo daga Jamus, irin waɗanda muke kira boga. Yana da ladabi, ya durƙusa ya gaida Yaya yadda ya kamata, sannan ya buɗe bayan motar ya nuna wata baƙar tukunyar ƙarfe mai nauyi.

Ya yi bayani da Hausa da Dagbanci da Turanci, duk a haɗe. Abin da na tsinta shi ne wannan. A ƙarƙashin mota, tsakanin ƙafafun baya, akwai tukunyar giyar mota mai raba musu ƙarfi. Ya cire ta motarsa, ya sayo wannan ta wata mota daban. Daga tukunyar zuwa kowace ƙafa akwai sandar ƙarfe, ita ce shaf, bakinta da haƙora a jere a kewaye, suna shiga cikin haƙoran tukunyar su kama. Tsofaffin shaf ɗinsa ba sa shiga sabuwar tukunya, na sabuwar kuma masu sayarwa sun yanke su da wuta, guntun baki ɗaya kawai suka bar masa. Ba inda ake sayar da abin da yake so, sai dai a ƙera.

Na ce, “To tsohuwar tukunyar ta lalace ne?”

Ya ce, “A'a, Hajiya, lafiyan shi ƙalau. Wannan sabon, in na taka wuta a kwana, ƙafa biyu duka zai juya tare, motan zai zame gefe.”

“Ya zame?”

“Ya zame, e. Shi ne daɗin.”

Na dubi Yaya ko zai taimake ni. Duk direban da na sani addu'arsa kada mota ta zame, ga wani ya tsallaka teku ya dawo yana neman mai sa tasa ta zame, a garin da babur da akuya suka fi mutane yawa a titi. Yaya ko a jikinsa. Yana ta juya guntun shaf ɗin a hannu, idonsa na ƙyalli yadda na Baba ke yi in an kawo aikin da ba a taɓa kawowa ba. Can ya ajiye, ya ce zai iya fere sandunan, amma haƙori sai Kumasi.

Bakina ya riga hankalina. Na ce, “Akwai mai yankan haƙori a Kalpohin.”

Yaya ya ce, “Ban san kowa a Kalpohin ba.”

Boga ya ce shi dai a yi a garin nan ya fi masa, yana ganin abinsa. Na yi ta magiya har Yaya ya yarda, amma da sharaɗi. Tukunya da guntun shaf ba za su fita shagon ba, don dokar Baba ce, samfur ba ya kwana waje. Na hau babur na tafi Kalpohin. Auta ya saurare ni yana goge hannu, shi ma ya kafa nasa sharaɗin, ba zai taka Tishigu ba, a aiko masa da ƙarfe da awo. Waya kuwa kowa ya daɗe da toshe lambar ɗan'uwansa. Haka na zama motar haya tsakanin injuna biyu, ni da ko noti ban sani ba, ina murna wai na sami igiyar da zan ɗaure su.

Yaya ya samo shaf ɗin wata matacciyar babbar mota wurin masu gwangwan, ya binne su a garwashi da toka har suka yi laushi, ya fitar da sanduna huɗu. Biyu ake buƙata, hagu da dama, biyu na ko-ta-kwana. Ya ce irin wannan ƙarfen ba kullum ake samu ba.

Ranar awo ina tsaye a kansa. Ya ɗauko ma'aunin Baba daga cikin tsohuwar safa. Ƙarfe ne mai baki biyu, ana buɗe bakin a matse abu a karanta lamba, ya tsufa har lambobin sun kusa shafewa. Ya matse haƙori ɗaya na guntun shaf ɗin, ya kai ma'aunin bakin ƙofa wurin haske, ya runtse ido ɗaya. Sai na ji ya ce a hankali, “Da gashin Baba.” Sannan ya ɗauki alli ya rubuta lamba a jikin sandar. Ban tambaya ba. Yaya in yana awo ko sallama ba ya amsawa.

Na ɗaure sandar a bayan babur da roba, na bi ta cikin 'yan yalo-yalo, kekunan hayan nan masu ƙafa uku, kowa na yi mini ihu in ja ƙarfena. Auta ya karɓa, ya shafa firar Yaya da babban yatsa daga sama har ƙasa, bai yaba ba, bai kushe ba. Shi ma'auninsa sabo ne, mai batir, lamba ke fitowa da kanta. Ya karanta allin, ya tsaya gaban injinsa yana murɗa wani abu, sai na ji shi ma ya ce, “Da gashin Baba.”

Na ɗauka wata addu'a ce ta masu sana'ar, ko wata hanyar tuna Baba da maza suka ɓoye mana. Baba dai sanƙo gare shi tun ina yarinya, ban san wane gashi ake nufi ba, amma ban damu ba. Kalma ɗaya ta fito daga bakuna biyu da suka ƙi juna. Na koma kasuwa ina share hawaye da bakin mayafi, maƙwabciyata ta tambaya wa ya rasu, na ce ba kowa.

Auta ya yanka haƙoran, ya gasa bakin sandar ya tsoma a baƙin mai don ta yi tauri, ya ce in kai, ba sai an gwada ba. Na kai ina taƙama. Boga ya zo da abokansa, har da mai ɗaukar hoto da waya. Yaya ya shafa giris, ya saita bakin shaf a bakin tukunya, ya tura. Ya ƙi. Ya juya kaɗan ya sake turawa, ya ƙi. Ya ɗauko guduma, na ce Yaya a hankali, ya buga sau ɗaya, ya buga na biyu da haushi, haƙori biyu suka ɓalle.

Ya ce, “Ki gaya mashi haƙoran shi ya yi ƙiba. Abin batir ɗin nan ya cinye mashi ido.”

Na kai saƙon, na rage masa gishiri a hanya. Auta ya ce, “Sista, ki gaya mashi ni abin da aka rubuta na bi. In mutum bai gani kuma, ya sayi tabarau.”

Shi ma na rage masa gishiri. Na kwana ina lissafin abin da ban iya ba. Lamba ɗaya ce, da idona na ga an rubuta, da idona na ga an karanta, ban faɗi a hanya ba, ruwa bai taɓa allin ba. Har sai da na fara zargin kaina, ko zafin rana ne ya kumbura ƙarfen a bayan babur. Na tambayi Yaya haka, ya kalle ni kallon da ya sa na yi shiru.

Aka ɗauko sanda ta biyu. Wannan karon Yaya ya daɗe a bakin ƙofa da ma'aunin, yana matsewa yana saki. Can ya yi ajiyar zuciya ya ce, “Baba, ka yi haƙuri, yau ban da gashi.” Ya rubuta. Na kai Kalpohin. Auta ya dubi allin, ya dubi injinsa, ya yi tsaki ya ce, “Bari in bar gashin nan.” To, yanzu kuma an daina addu'ar ke nan? Na buɗe baki zan tambaya, ya kunna inji, ƙara ta cinye maganata.

Shaf na biyu ya shiga. Ya shige sumul, har na fara guɗa. Sai Yaya ya kama shi ya girgiza, muka ji ƙwas-ƙwas, yana rawa a ciki kamar haƙorin tsohuwa. Ya ce in aka sa wannan a mota, taka wuta ɗaya zai cinye haƙoran duka. An gudu ba a tsira ba. Jiya ya yi ƙiba, yau ya rame, lamba kuma daga hannu ɗaya take fita ta shiga hannu ɗaya.

Boga ya cire hula ya sosa kai. Ya ce, “Masta, ban so in ɓata maku rai, amma motan ya daɗe a nan. In wannan sati bai yi ba, zan ɗauka shi Kumasi.” Gaskiyarsa ce, motar ta daɗe, har kyanwar Mma ta mai da ƙarƙashinta ɗaki. Sanduna biyu suka rage, daidai hagu da dama, ba ta kuskure. Sallah kuma ta matso, raguna sun cika bakin titi.

Na ɗaure ramammen shaf ɗin a babur na nufi Kalpohin, raina a ɓace, ban ma san da wa nake faɗa ba. Na tarar da Auta yana tattara ƙananan kayan aikinsa a akwatin katako. Ganin akwatin nan ya ƙarasa ni. Na kwance shaf ɗin na jefar a tsakiyar shagon, ya yi ƙara har masu wankin mota suka leƙo.

Ya ce, “Sista, lafiya?”

Na ce, “Ina lafiya? Na bar kasuwata, na ƙone a rana, bayan babur ɗina ya lotse, don ƙattai biyu masu gemu. Harshe da haƙori ma suna saɓawa su koma baki ɗaya su kwana. Ku kuwa kowa ya riƙe baki, amma in an zo aiki kowa na kiran Baba. Shi gashin Baba, kai gashin Baba. Jiya kun saka, yau kun cire. Wane gashi? Mutumin da ko na aski bai da shi? In da kuna tuna shi da gaske da ba ku mai da ni jakar aike ba!”

Auta ya ajiye abin da ke hannunsa. “Wa ya ce gashin Baba?”

“Kai, da shi.”

“Yaya ya ce? Yaushe?”

“Ranar farko.”

“Kafin ya rubuta lamban, ko bayan ya rubuta?”

“Ina ruwana da kafin ko bayan? Kafin!”

“Na biyun fa?”

“Ya ce Baba ya yi haƙuri, yau ban da gashi. Kai ma ai haka ka ce.”

Ya zauna a kan akwatin, ya rufe fuska da hannu biyu masu baƙin mai. Kafaɗunsa na motsi, na kasa gane dariya yake ko kuka. Na tsaya da sauran masifata a baki, ban san inda zan kai ta ba.

Da ya ɗago, ya yi mini bayani yadda ake yi wa yaro. Ma'aunin Baba ya tsufa tun kafin a haife mu, bakinsa ya cinye, saboda haka duk abin da ya auna yana rage masa ɗan kaɗan, kaurin silin gashi. Baba ya ƙi sayen sabo, ya ce ya san halin nasa. Sai ya koya wa duk wanda ya tashi a shagon, in ka karanta lamba ka ƙara mata gashi ɗaya. Shi ne gashin Baba. Ba mai yin haka a duniya sai su.

Ya ce, “Ni na ga lamba daga Tishigu, na san ma'aunin Baba ne, na ƙara gashi. Ashe shi ya riga ya ƙara mini. Gashi biyu. Da ya ƙi shiga, na ce a raina ƙila laifina ne, na cire. Shi ma ya ce a ran shi ƙila laifin shi ne, ya cire.”

Na ce, “To me ya sa ya ƙara maka, tunda ya san ka sani?”

Ya kalli ƙasa. “Ya ɗauka na manta.”

Ni dai har yanzu in aka ce in maimaita wa wani lissafin nan sai na rikice a tsakiya. Amma abu ɗaya ya shige ni a take. Kowannensu ya aike ni da zagi a baki, ya koma gaban injinsa shi kaɗai ya ɗora wa kansa laifin.

Auta ya miƙe, ya ce nasa babur ɗin na wurin gyara. Ya ɗale bayan nawa, ƙato da shi, gwiwoyinsa na zungurina. Muka shiga Tishigu, matan lungu suka bi mu da ido, wata har ta saki tsintsiya.

Yaya na gaban injinsa. Auta ya tsaya a bakin ƙofa, bai shiga ba, ya yi sallama can ƙasa-ƙasa. Yaya ya kashe inji. Na ɗauka za a rungume juna ko a daku, na shirya wa kowanne.

Auta ya ce, “Ka ƙara, na ƙara.”

Yaya ya daɗe yana kallonsa. “Na biyun?”

“Na cire.”

“Ni ma.” Ya goge hannu a rigarsa. “Wa ya ce ka ƙara? Kai da ke da na batir.”

“Lamban daga na Baba ya fito.”

“Na ɗauka ka bar wannan tun da daɗewa.”

“Ni? Wa ya kai ni shan ranƙwashi a kan gashin nan?”

Yaya ya kau da kai, na ga gefen bakinsa ya motsa. Ya shiga ciki ya fito rungume da tukunyar giyar, ya ce wa Auta ya ɗauko guntun shaf da sandunan biyu, a je Kalpohin a yanka ana gwadawa. Na ce, “Dokar Baba fa? Samfur ba ya kwana waje.” Ya ce ai ba kwana zai yi ba, shi zai raka shi ya dawo da shi. Suka tari yalo-yalo suka tafi suka bar ni a tsaye da babur, ba wanda ya ce mini sannu.

Shaf biyun suka shiga yadda ake so, da ɗan turi na tafin hannu, ba rawa ba gardama. Boga ya kai mu wani fili a bayan gari don mu ga aikinmu. Ya taka wuta, motar ta yi kururuwa, ta juya gindi ta zame, ta sake zamewa, jar ƙasa ta turnuƙe mu. Abokansa na ihu, Yaya da Auta na tsaye kafaɗa da kafaɗa suna gyaɗa kai, suna sauraron wani abu a ƙarƙashin motar da ni ban ji ba. Ni salati kawai nake yi. Har yau ban gane daɗin ba.

Sai dai maganar Kumasi ba wanda ya ɗauko ta. Sun koma gaisawa, gaisuwar maƙwabtan da ba su saba ba, in sun yi hira kuma ta ƙarfe ce. Ranar Sallah Auta ya shigo gida ya ci nama a zaure, Mma ta yi ta murmushi, ba ta san akwatunan da na gani ba. Na tambayi Auta a gefe, ya ce, “Sista, an riga an yi magana da mai mota.” Na je wa Yaya, na gaya masa ƙaninsa zai tafi, ya ce Allah ya sa alheri, ya ci gaba da fere ƙarfensa. Na ce wallahi zuciyarku ta fi abin da kuke yankawa tauri. Na yi fushi da su duka biyu, na daina zuwa shagon kowa.

Bayan Sallah da 'yan kwanaki, da hantsi, matar Auta ta kira ni. Ta ce, “Sista, motan ya zo, suna loda injin, za su…” Na kashe wayar ban bari ta ƙarasa ba. Na bar wa maƙwabciyata rumfa na tafi Kalpohin.

Na tarar an riga an ɗora injin da sarƙa, an ɗaure shi da igiya, Auta na zaune a gaba kusa da direba. Ya ɗaga mini hannu yana wata magana, na ƙi kallonsa. Motar ta tashi, na bi ta a baya. Ban san me nake so ba. Ina jin so nake in raka injin Baba har inda gari ya ƙare, tunda ba wanda zai raka shi. Ina tafe ina kuka, ina zagin Auta, ina zagin Yaya, ina zagin boga da motarsa, hayaƙin babbar motar na shiga mini baki. Ina kuma tunanin da wane baki zan gaya wa Mma.

Muna gab da shiga tsakiyar gari, inda za a miƙe a kama hanyar kudu, sai na ga motar ta rage gudu ta karya kwana. Na ce ƙila zai tsaya ya yi wa Mma sallama, aƙalla ya yi wannan hankalin. Ta shiga lungunmu da baya, tana gogar katanga, ta wuce ƙofar gida, ta tsaya a bakin shago.

An share shagon fes, an kwashe tarkacen da suka taru a gefen da ba kowa. Yaya na durƙushe a ƙasa, yana zaro tsummokaran nan daga ramuka huɗun, ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauka za su fito a bushe, cike da ƙasa. Suka fito jiƙe da mai, sabon mai, yana ɗiga. Auta ya sauko ya tsuguna, ya sa yatsa a rami ɗaya ya juya, ya fito da shi ya duba. Ba tsatsa, ba yashi. Ya sa a na biyu, haka. Ya ɗago ya dubi Yaya.

“Tun yaushe kake zuba masu mai?”

Yaya bai dube shi ba. Ya dunƙule tsummokaran ya jefa a bokiti, ya ce, “Tun ranan da ka tafi. Tashi ka kama sarƙa, rana na yi.” Sannan ya juyo wurina, ina tsaye da hular kwano a kai, fuska duk hawaye da hayaƙi. “Ke kuma da kika ce a zuba siminti, matsa daga hanya.”

Na matsa. Na zauna a kan wata tsohuwar taya a bakin ƙofa, na ƙarasa kukan da na faro tun daga Kalpohin, su kuwa suna ta gardama a kan wace ƙafar injin za a fara saukewa.